Ragowar Ado a Jikin Tsohon Bango: A Bari ko a Rushe?

Ranar Talata 3 ga Satumba 2024 mamakon ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Nan da nan hotunan tarin ƙasar suka bi wayoyi daga Gure har Yamai. Daminar waccan shekara ta yi ɓarna a faɗin Nijar, kusan mutum 400 suka rasu, ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, don haka ba wanda zai ce masallacin ne asara mafi girma. Duk da haka faɗuwarsa ta sake tono wata gardama da aka daɗe ana yi a zauruka da majalisun hira: abin da ya rage fa, yaya za a yi da shi?

Fadar Sarkin Damagaram tana nan, tana da masu kula da ita. Inda gardamar ta fi zafi a kan ƙananan abubuwa ne. Mai yawo a lungunan Birni da Zango zai riƙa cin karo da gidan da ya sake kama gaba ɗaya, ɗakuna na bulo, ƙofa ta ƙarfe, rufi na kwano, amma gaban zaure yana nan da zanen dagi da sarƙaƙƙiyar da wani gwani ya tsaga a jikin yaɓe, rabi ya zube rabi na riƙe. Wani wurin zanko ɗaya ne ya saura a kusurwar soro. Wani wurin guntun ganuwa ne ya maƙale tsakanin gidaje biyu, ko tsohon indararo yana leƙowa daga bango alhali rufin da yake kwashe wa ruwa ya daɗe da tafiya. Abubuwa ne da aikinsu na asali ya ƙare, sai kyan gani. To, doka ta ɗaure hannun mai gida kada ya taɓa su, ko kuwa dukiyarsa ce ya yi yadda ya ga dama?

Ba a cika jin sunan Gure a wannan magana ba, alhali ta shafe ta kai tsaye. Garin yana kimanin kilomita 160 gabas da Zinder, wato Damagaram, a kan hanyar Diffa, kuma nan ne mazaunin sarkin Muniyo, Muniyoma Koso, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Disamban 1852 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder. Daga baya, a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, ƙasar Muniyo ta shiga ƙarƙashin ikon Damagaram. Gari ne mai sarauta, a ƙasar kanwa da dabino da fatauci. Amma a 2006, da Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO jerin wuraren da take fatan a ɗauka a matsayin gadon duniya, unguwar Birni da masarautarta suka shiga, Gure ba ta ciki. Tsohon garin Agadas kuwa ya samu cikakkiyar shiga a 2013. Akwai dai dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ta tanadi kare kayan tarihi a ko'ina cikin Nijar. Sai dai takarda ba ta yaɓe. A gari irin Gure, inda yashi ke matsowa da rani ruwa kuma ya yi gyara da damina, rayuwar tsohon bango a hannun mai shi take.

Masu cewa a bari suna da misali mai ƙarfi daga ƙasashen Musulmi, kuma misalin ruwa ne. A titin al-Mu'izz na tsohuwar Alƙahira akwai sabil ɗin da Abdurrahman Katkhuda ya gina a 1744: ƙasa wurin shan ruwa kyauta ga duk mai wucewa, ta tagogi masu ragar ƙarfe, sama kuma makarantar allo. Da famfo ya shiga gidaje, aikin irin waɗannan gine-gine ya tsaya. Ba mai sha a wurin yau. A Istambul ma akwai mashayar da Sarki Ahmad na Uku ya gina a 1728 a ƙofar fadar Topkapi, ga kuma ɗaruruwan ƙananan mashayu a jikin bangon masallatai da gidaje, da yawansu a bushe, wasu titi ya taso ya binne gindinsu. Duk da haka Masar ta kafa kwamitin adana irin waɗannan gine-gine tun 1881, kuma tsohuwar Alƙahira ta shiga gadon duniya a 1979. Hujjar a fili take: busasshiyar mashaya tana ba da shaidar cewa an yi zamanin da attajiri ke ɗaukar shayar da baƙo a matsayin sadaka mai gudana, har ya ƙawata wurin kamar yadda zai ƙawata turakarsa. In aka kankare ta, shaidar ta tafi.

Haka suke kallon gaban zauren Birni. Zanen yana faɗin wane ne ya gina gidan, attajirin fatake ne ko bafade ko malami, kuma wane gidan magina ne ya yi aikin. Tarihin Damagaram da ke rubuce yawancinsa na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe: ganuwar Tanimun da igwoyinsa, kisan Bafaranshen nan Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, yaƙin Tirmini a 1899, zaman Zinder hedkwatar mulkin Faransa har 1926. Maginin da ya murza tubali da hannu, ya jera azara, ya ɗaura bakan gizo ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba, ba littafin da ya riƙe sunansa. Bangon nan shi ne abin da ya bari. Suna ƙarawa da cewa gaban gida, ko da na mutum ɗaya ne, idon unguwa duka yake kallo. Yaron da ya tashi a lungun da shi ya san hanyar gidansu.

Kuma suna nuna Kano. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a wurin. Sabuwar ta fi faɗi, motoci na wucewa a sauƙaƙe, amma ƙasar da magabata suka dafa ta tafi har abada.

Ɗaya ɓangaren kuma ba jahilai ba ne, kuma ba maƙiya tarihi ba ne. Yawanci su ne ke kwana a bayan bangon. Maganarsu ta farko rai ce. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na wajajen 1830, ya rufta kan masu sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Wannan gini ne da masana daga ko'ina suka yi ta aunawa da rubutu a kansa, yana kuma ƙofar fada. In haka ta faru da shi, wa zai ba magidanci tabbacin cewa zauren kakansa da ya tsage ba zai faɗo kan 'ya'yansa ba a daren da hadari ya taso daga gabas? Wanda ya kwana yana sauraron ɗigar ruwa daga azara, da wuya a shawo kansa da zancen UNESCO.

Ta biyu kuɗi ce, kuma a nan ne hujjarsu ta fi nauyi. Ginin ƙasa yana son hannu duk shekara. Kafin damina a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a sake yaɓe inda ya ɓare. A da wannan aikin gayya ne ko na barori da yaran gida, ƙasa tana kusa, makuba daga ɓawon ɗorawa tana samuwa a kasuwa, laso kuma daga marina yake fitowa. Yau kududdufan da ake haƙar ƙasa sun zama filaye, sai an ɗauko ta a amalanke ko mota. Marina sun ragu. Giginyar da ake tsaga azara ta yi wuya. Ruwan kwaɓa ƙasar ma saye ake yi, a garin da ƙishirwa ta yi wa suna: ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedkwata zuwa Yamai, kuma har yanzu da bazara jarkoki kan yi layi a bakin famfo. Magidanci ya lissafa, ya ga bulo da siminti sau ɗaya zai kashe kuɗi ya huta. In hukuma ta ce kada ya taɓa, tambayarsa gajera ce: wa zai biya?

Ga kuma gado. Gidan da attajiri ɗaya ya gina, yau magada ne bila adadin a kansa, wasu a Yamai, wasu a Kano, wasu a Libiya. Wanda ke zaune ciki ba zai zuba kuɗinsa a abin da ba nasa kaɗai ba. Waɗanda ke waje ba sa ganin tsagar. Da yawa daga zaurukan da suka zube, wannan ne ya kashe su, tun kafin wani ya yi tunanin rushewa.

Suna da nasu misalin daga waje. Jenne ta ƙasar Mali ta shiga gadon duniya a 1988, kuma mazaunanta sun daɗe suna kukan cewa ƙa'idojin sun hana su gyara gidajensu yadda rayuwar yau ke buƙata, ko faɗaɗa ɗaki ko shigar da banɗaki na zamani. A 2006 har tarzoma aka yi a garin da aka ga baƙin ma'aikata a kan rufin babban masallaci. Duniya na zuwa ɗaukar hoto, mai gida na zaune a ɗaki mai duhu. Ba wanda ke so a mai da gidansa gidan kallo da shi a ciki.

Akwai wata hujja tasu da ba a cika kula da ita ba, alhali gaskiya ce. Adon nan kansa bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Yawancin zanen waje da ake gani a garuruwan Hausa yau na ƙarni na 20 ne, lokacin da kuɗin gyaɗa ya shigo hannun 'yan kasuwa. Maginan Zariya har keke da mota suka riƙa zanawa a gaban gida, wasu kuma suka koma tsaga zanen a kan siminti suna shafa masa fenti. Gwanayen da ake son a adana aikinsu mutanen zamaninsu ne, masu son sabon abu. Me zai sa a ce jikokinsu su daskare?

A nan ya kamata a tsaya a duba misalin Alƙahira da kyau, domin yana da iyaka. Sabil ɗin Katkhuda dutse ne da marmara. Ko an yi watsi da shi shekaru hamsin, za a dawo a tarar da shi, a wanke, a gyara. Zanen da ke jikin bangon ƙasa ba ya jiran kowa. Damina kaɗan ba yaɓe, ya narke. Saboda haka dokar da ta ce kawai kada a taɓa, a ginin ƙasa hukuncin kisa ce a hankali: mai gida ba zai rushe ba don tsoron hukuma, ba zai gyara ba don ba hali, ruwa ya ƙarasa aikin. Masu cewa a bari, in iyakar abin da suke nema hani ne, to sakamakonsu da na masu rushewa ɗaya ne, sai dai nasu ya fi haɗari ga mai kwana a ciki.

Su ma masu siminti akwai abin da ba su faɗa. Siminti a kan bangon ƙasa ba ya kama shi da kyau. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye har ranar da ɓawon zai ɓallo da rabin bango. Gyaran da ake ɗauka na dindindin sau da yawa shi ke gaggauta faɗuwa. Sannan ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu a Gure ko Zinder, inda zafi ke haura digiri 40, tanda ne, sai mai kuɗin wuta da na'urar sanyaya ɗaki. Kaurin bangon ƙasa yana riƙe sanyin dare ya kai shi rana. Kuma abin da ya fi kayar da tsoffin gidaje daga ƙasa yake fitowa: titi ya ɗaga sama da dandamalin gida, magudana ta cushe da leda, ruwa ya kwanta a gindin bango kwana da kwanaki yana cinsa. Wannan ba laifin mai gida ba ne, kuma ba shi zai iya magance shi ba. Aikin magajin gari ne. Kowace jika da aka kashe wajen yashe magudana a Birni, ta yi wa kayan tarihi aikin da allon sanarwa ba zai yi ba.

Hujjar 'yan yawon buɗe ido, wadda masu son adanawa kan fara da ita, gara a ajiye ta gefe. Matsalar tsaro ta daɗe da rage baƙi a wannan yanki, kuma ba adalci ba ne a ce wa magidanci ya jure ɗigar ruwa don baƙon da ba a san ranar zuwansa ba. In za a adana, don mutanen garin za a yi.

Shin akwai inda aka haɗa buƙatun biyu? Akwai, kuma a cikin Nijar. A Dandaji ta jihar Tawa jama'a sun buƙaci sabon masallaci mai girma, tsohon na ƙasa kuma ya fara lalacewa. Maimakon a rushe shi, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallacin a gefensa da bulon ƙasa da aka matse, aka kuma jawo maginan gargajiya cikin aikin. An kammala a 2018. Ba nisa da nan masallacin Yama yake, wanda Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci gaba da ƙawata shi har ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Darasin wuraren biyu guda ne: ginin ya rayu domin an ba shi aiki, kuma akwai hannun da ya san yadda ake taɓa shi. Ko a Jenne mai yawan ƙorafi, babban masallacin yana tsaye ne saboda duk shekara gari kan fito a yi masa yaɓe a rana ɗaya.

Wannan ya juyar da tambayar. Abin da ke gab da ɓacewa a Damagaram da Muniyo ya wuce zanen. Masu iya zanen ne. Muddin akwai magini da ya san gwargwadon ƙasa da ciyawa, ya san kwana nawa kwaɓi zai yi kafin ya nuna, ya san yadda ake dafa makuba, to zanen da ya zube ana iya mai da shi, kamar yadda aka saba yi tun asali. In wannan mutum ya mutu bai koya wa kowa ba, duk dokar duniya ba za ta riƙe zanko ɗaya ba. Ɗan magini kuwa ba zai zauna koyon sana'ar da ba a kiran mai ita aiki ba. Zai tafi buga bulo, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Mai wannan rubutu yana tare da masu cewa a bari, amma da sharaɗin da masu gidaje suka gindaya, domin sun fi kowa gaskiya a kansa. Ba kowane guntun bango ne za a adana ba, kuma wanda ya tsage har ya zama barazana ga rai a ɗauki hotonsa, a auna shi, a kwafe zanen, a sauke shi. Waɗanda aka zaɓa kuma, gaban zaure kaɗai doka za ta riƙe. Abin da ke bayansa na mai gida ne, ya yi ɗakinsa da banɗakinsa yadda yake so. In jama'a ce ke cin moriyar kallo, jama'a ce za ta ɗauki nauyin yaɓe. Kuɗin ba su kai yadda ake zato ba in aka gwada da abin da aka kashe a Zinder Sabuwa, shirin bikin 18 ga Disamba na 2018 da ya kawo wa garin sababbin tituna da gine-gine. Su ma sabil-sabil na Alƙahira ba da alfarma suka rayu ƙarnuka ba: wanda ya gina yakan tsayar da wakafi, kanti ko gona, da kuɗinsa ake sayen ruwa ana biyan mai kula. Attajiran Damagaram da na Gure, na gida da na ƙetare, sun san wannan hanya, suna bin ta wajen masallatai da rijiyoyi. Ba abin da ya hana wakafin shago ɗaya ya riƙe yaɓen zauruka biyar, ya riƙe magini da almajiransa biyu a bakin aiki.

A Gure matakin farko ma bai kai haka tsada ba. Gidan sarauta da ofishin magajin gari za su iya zama da dattawan unguwanni da tsoffin magina, a bi gari lungu-lungu, a rubuta wane bango ne ya saura, na wane gida ne, wa ya gina, magada nawa ne a kansa, kuma wanne ne ba zai kai wata damina ba. 'Yan makarantar sakandare da wayoyinsu sun isa ɗaukar hotunan. Lokacin aikin kuma sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a ginin ƙasa: daga ƙarshen sanyi zuwa watan Mayu, kafin hadarin farko.